Haƙƙin Sukur da ke wuyana

Na daɗe ina koya wa 'ya'yan mutane abin da ba gaskiya ba, kuma da cikakkiyar murya nake koyar da shi, ko ɗar ba na ji. Abin da nake gaya musu shi ne, mutanen da ke zaune a kan duwatsun Mandara, gabas da hanyar da ta tashi daga Mubi ta bi Michika ta nufi Gwoza, tsoro ne kawai ya hau da su can. Wai ba su da sarautar a zo a gani, ba su da sana'ar kirki, tarihinsu bai wuce gudu da ɓuya ba. Sai in ɗora da cewa Hamman Yaji, Lamiɗon Madagali, gwarzo ne da Turawa suka tuɓe don ya ƙi rusuna musu. Haka na taso na ji a Mubi, a rumfar mahaifina cikin kasuwa, inda manya kan zauna hira bayan la'asar. Daga can na kwaso maganar na kai ta aji, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa ya fara faɗarta ba, balle in tambayi wa take yi wa amfani.

A makarantar sakandaren da nake koyar da tarihi, wata shekara na ba 'yan aji biyar aikin hutu, na ce kowa ya rubuto tarihin garinsu. Yawancinsu abin da aka saba suka kawo: wane ya kafa gari, ya haifi wane, wane ya gaje shi. Wani yaro ɗan Sukur, siriri, mai yawan ɗaga hannu a aji, shi ya zo da shafuka cike gaba da baya. Ya rubuta cewa garinsu yana da sarki da ake kira Hidi, mai fadar dutse. Ya ce akwai hanya da aka shimfiɗe da duwatsu tun daga gindin dutsen har ƙofar fada. Ya ce kakanninsa ƙarfe suke narkawa, fatake suna tasowa daga Borno su saya. A ƙarshe ya rubuta cewa mutanen Hamman Yaji sun kama ƙanwar kakan mahaifinsa tana yarinya, a hanyar rafi, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Da jan biro na rubuta a saman takardar: "Wannan tatsuniya ce, ba tarihi ba." Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Washegari na ɗauki takardar na karanta wa aji, ina jan murya a wuraren da nake so a yi dariya, aka kuwa yi ta. Yaron ya miƙe ya ce, "Malam, kakana ne ya faɗa mini, kuma shi da hannunsa ya yi aikin ƙarfen." Na ce ya zauna, ranar da ya kawo mini littafin da aka rubuta haka ma yi magana. Daga ranar 'yan ajin suka laƙaba masa sunan tsokana, sunan ya bi shi har ya gama makaranta. Bai sake ɗaga hannu a darasina ba. Na lura da haka sarai, kuma a lokacin na ɗauka ladabi ne ya koya.

Ba ni da uzurin rashin labari. Tun 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne wuri na farko a duk Najeriya da ya sami wannan matsayi. Kurmin Osun na Oshogbo sai a 2005 ya biyo baya. Na ji sanarwar a rediyo da kunnena. Abin da na ce a raina shi ne, ai dama Turawa suna son kallon mutanen da aka bari a baya. Hujja ta zo har inda nake, na murɗe ta ta koma goyon bayan abin da na riga na ƙudurta.

Wani abokin aikina ɗan ƙabilar Margi, mai koyar da labarin ƙasa, ya ji abin da ya faru a bakin yara. Bai yi mini faɗa ba, bai ma tayar da maganar ba sai da aka kwana biyu. Wata safiya ya ajiye littafi a kan teburina ya ce, "Malam, na ji ka ce a kawo maka littafi. Ka duba wannan in ka sami sarari."

Kundin Hamman Yaji ne na kansa. Daga 1912 zuwa 1927 yana sa magatakarda ya rubuta masa al'amuransa da Larabci, kowanne da ranarsa. Da Turawan Ingila suka kama shi a 1927 kundin ya faɗa hannunsu, aka juya shi zuwa Turanci, ya yi shekaru a ajiye, sai a 1995 James Vaughan da Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa a shekarun 1950, suka buga shi. Ba zan iya cewa sharrin maƙiya ne ba, domin mutumin ne yake ba da labarin kansa.

A daren na karanta shi. Lafazin ne ya fi tayar mini da hankali, don babu fushi a ciki, babu nadama. Rana kaza ya aika mutanensa gari kaza, sun kamo bayi kaza da shanu kaza, sun kashe mutum kaza. Ya yi wa wane kyautar baiwa, ya sayi doki da wata. Haka mahaifina yake rubuta lissafin rumfa da yamma, abin da ya shigo da abin da ya fita. Sunayen garuruwan kan dutse ne jere a shafukan, garuruwan yaran da ke zaune a gabana kowace safiya, kuma Sukur yana ciki, ba sau ɗaya ba. Tsakanin 1912 da 1922 garin ya sha waɗannan hare-hare har ya kusa tashi. Duwatsun sun daɗe suna kare mutanensu daga mahayan dawakai, amma Hamman Yaji da bindigogi yake aikawa.

Akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikin abin da na ji a kasuwa, kuma ita ce ta sa ƙaryar ta yi ƙarko. Hamman Yaji ya hau mulki a 1902 a zamanin Jamusawa, lokacin da Madagali ke cikin Kamaru. Bayan yaƙin duniya na farko ƙasar ta ratsa hannun Faransa ta faɗa hannun Ingila a matsayin amana, ba ta zama Najeriya sosai ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, aka sa ta cikin Lardin Sardauna. A cikin wannan sauye-sauyen iyayen gida ya sami sararin cin karensa babu babbaka. Kuma gaskiya ne Turawan Ingila suna tsoron alaƙarsa da Mahadiyya, wannan tsoron yana cikin abin da ya sa suka kama shi, ya rasu a 1929 ba a kan gadonsa ba. To amma don Bature ya tuɓe mutum saboda buƙatar kansa, wannan bai wanke mutumin daga haƙƙin yarinyar da aka kama a hanyar rafi ba. Ni Musulmi ne, kuma na san Allah ya haramta zalunci ga kowa, ko mene ne addinin wanda aka zalunta.

Da hunturu ya shigo na roƙi abokin nan nawa ya raka ni Sukur. Daga wajajen Gulak, hedikwatar ƙaramar hukumar Madagali, ake barin kwalta a bi hanyar ƙasa da acaɓa har gindin dutsen. Daga nan sai ƙafa.

Hanyar da na kira tatsuniya ita ce ta fara tarbata. Faffaɗan duwatsu ne aka jera, aka daidaita fuskokinsu, kowanne ya zauna daram a jikin ɗan'uwansa, babu siminti babu laka. A wasu wurare faɗinta ya kai mita 5. Inda hawan ya yi tsaye an yi matakala, kuma tafin ƙafar mutane ya goge duwatsun har sun yi santsi. Na tsaya ina haki, ina lissafin yawan hannuwan da za su ɗauko dutse ɗaya daga cikinsu, da wanda zai tara mutanen, da wanda zai ciyar da su, da wanda zai ce nan za ta bi ba can ba. Mutanen da ba su da shugabanci ba sa yin irin wannan aiki. Ina cikin wannan tunani wata mata ta wuce mu da damin dawa a ka da goyo a baya, ta gaishe mu da Hausa, "Sannunku da hawa," ko numfashinta bai sauya ba.

Hagu da dama gonaki ne hawa-hawa. Kowane ɗan fili an tokare shi da jerin duwatsu don kada ruwan damina ya kwashe ƙasar, wani faɗinsa bai fi taku uku ba, haka suke bisa juna tun daga kwari har inda ido ya tsaya. A lokacin an gama girbi, sai karan dawa da na gero da ragowar harawar wake. Kowace shekara sai an bi an gyara inda ruwa ya ture, in ba haka ba gonar da ke ƙasa ita ma ta tafi, don haka aikin maƙwabcinka na sama ya shafe ka. A cikin gidaje na ga yadda suke kiwon sa: rami ne zagayayye da aka gine da dutse aka rufa masa jinka, san yana ciki ana kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba, takinsa kuma a kwashe a kai gona. Ga rumbunan laka, ga masussukai, ga rijiyoyin da aka ɗaure bakinsu da dutse.

A saman, wanda tsayinsa ya haura mita 1,000, iska ce mai sanyi ke kaɗawa ko da rana tsaka. In ka juya yamma sai ka hangi filin ƙasar Margi a shimfiɗe har ya shige cikin hazo. Gabas kuwa duwatsu ne bisa duwatsu har cikin Kamaru, wajen ƙasar Kapsiki. Kukoki suna tsaye a tsakanin gidaje, awaki suna bin kan fale-falen duwatsu. Wanda ya hau don shan iska da buɗe ido kawai ma ba zai ce ya yi asarar gumi ba.

Fadar Hidi tana kan gangaren da ke kallon sauran unguwanni, kewaye da katangar dutse tsantsa. Ƙofofinta an kafa musu dogayen duwatsu a tsaye, hagu da dama. A ciki akwai wurin zaman sarki da wurin shari'a da turken sa da rumbuna, sai ɓangaren matan sarki wanda ya riga ya zama kango. Gidan sarautar da ke kai, wanda ake kira Dur, ana kai farkonsa ƙarni na 17. Ko Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, da ya ratsa yankin a 1851 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya ji labarin sarkin Sukur da kwarjininsa a wurin maƙwabta, ko da yake bai hau ba. Harshen mutanen, Sakun, dangin Hausa ne na nesa, duk cikin zuriyar harsunan Chadi suke.

Dattijon da aka haɗa mu da shi ya nuna mini dogayen duwatsun ƙofa ya ce, ana faɗin wasu ƙattai ne na zamanin da suka kafa su. Ya yi murmushi ya ƙara da cewa, "Wannan abin da ake gaya wa yara ne, Malam. Zo in nuna maka wanda na gani da idona." Ashe shi ya san inda tatsuniya ta tsaya da inda tarihi ya fara, ni mai takardar shaidar koyarwa ne na kasa bambancewa.

Ya kai mu bayan wata gona inda ragowar murhun narkar da tama yake jingine da gangare, bangon yumɓunsa ya ƙone ya yi ja. Ya tona ƙasa da yatsa ya ciro kashin maƙera ya sa mini a tafin hannu, baƙi, mai ƙuraje, ya fi girmansa nauyi. Ya ce in ruwa ya ɗauke mata da yara sukan bi rafuka su kwashi baƙin yashin da ruwa ya tara, su rairaye shi a ƙwarya har sai mai nauyin ya rage. Wannan yashin shi ne tamar. A zuba shi da gawayi a murhu, mai zuga yana zaune daga sama da zuga-zugansa, iska tana bin dogon bututun yumɓu tana sauka cikin wutar. A yini ana yi, ana karɓar juna. Abin da ya fito a farfasa, a tsince ƙarfen, a kai wa maƙera su buge shi ya zama sanduna. Narkarwar ba ta maƙera kaɗai ba ce, manoma ma suna yi da rani, shi ya sa ƙarfen ya yi yawan da ya wuce buƙatar gari. Sandunan suna shiga kayan aure, suna tafiya a matsayin kuɗi, fatake kuma suna sauka da su filayen arewa har Borno, inda ake mayar da su fartanya da gatari da mashi. Na tsaya da abin a hannuna ina tunanin cewa wataƙila wasu daga cikin gonakin da suka ciyar da manyan biranen da nake alfahari da su a aji, da ƙarfen wannan dutse aka nome su.

Hare-haren Hamman Yaji sun karya kasuwar, sannan ƙarfen Turawa da tarkacen motoci suka zo da araha suka ƙarasa ta. Wajajen 1960 wutar murhunan ta mutu, mutane da yawa suka sauka suka kafa ƙauyuka a gindin dutsen. A shekarun 1990 masu bincike irin su Nicholas David da Judith Sterner sun zauna a garin sun rubuta abin da suka tarar, kuma aikinsu ya taimaka wajen kai sunan Sukur gaban duniya. Mutane sun taso daga Kanada don su saurari irin dattawan da ni, da nake Mubi, na hana jikansu magana.

Kafin mu sauko na nemi gidan su yaron. Ba ya nan, ya tafi neman aiki. Mahaifinsa ya shimfiɗa mana tabarma ya kawo ruwa. Na gaya masa abin da na yi, ban rage komai ba, na ce, "Baba, gafara na zo nema." Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Malam, ka kyauta da ka hau. Amma ba ni ka yi wa ba. Shi za ka nema." Na tambayi kakan yaron, aka ce ya rasu da daminar da ta wuce.

Na sauko da niyyar neman yaron, sai na yi ta jinkiri, yau da gobe, kunya tana riƙe ni. Darasina dai na gyara shi. Na tsaya gaban aji na ce abin da na koya wa yayyensu kuskure ne, na kawo kundin muka karanta tare. Wasu abokan aiki sun ce ina tono abin da zai haddasa gaba tsakanin yara, tunda jikokin waɗanda aka kama da jikokin waɗanda suka yi kamun benci ɗaya suke zaune. Na ɗauki damuwarsu da muhimmanci, domin babu yaron da za a ɗora wa laifin kakansa. Sai dai yaran kan dutse sun riga sun san labarin tun daga gida. Shirun da muke yi bai ɓoye musu komai ba, abin da yake gaya musu kawai shi ne makaranta ba ta ɗauki abin da ya sami iyayensu a bakin komai ba.

Sai 2014 ta zo. 'Yan Boko Haram suka kama Madagali da Gulak da Michika, a watan Oktoba suka shiga Mubi, muka fita da abin da ke jikinmu. A watan Disamba suka hau Sukur, suka kashe mutane, suka ƙone gidaje da rumbuna, wuta ta taɓa har fadar Hidi. Katangun dutse sun tsaya, amma jinka da hatsi da kayan gado da yawa sun tafi. Mutanen sun koma sun sake rufa ɗakunansu, kuma a 2018 wata ƙungiyar duniya mai kula da wuraren tarihi ta sa garin cikin waɗanda ke buƙatar agajin gaggawa. Har yanzu duk mai son zuwa ya kamata ya fara tambayar mutanen yankin halin da hanya take ciki, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya fara kai gaisuwa fada, kada kuma ya ɗaga waya ya ɗauki hoton mutum ko wurin ibadarsa sai da izini. Gari ne da mutane ke kwana suke tashi a cikinsa.

A Yola na gamu da ɗalibin nawa, bayan an lafa, ya zama magidanci yana aikin jinya. Shi ya fara gane ni, ya rusuna ya gaishe ni yadda ɗalibi ke gaida malaminsa, wannan ya ƙara mini nauyi. Na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun shekarun baya. Ya ce, "Malam, na yafe, wallahi na daɗe da yafewa. Baba ya gaya mini ka hau." Na tambaye shi takardar. Ya ce a ranar ya yayyaga ta a bayan aji. A cikinta akwai sunayen rafukan da ake ɗibar yashi, da gidajen da suka yi suna wajen narka, da yadda ake ciniki da fataken Borno, duk daga bakin kakansa, kuma bayan abin da ya faru bai sake zama ya tambayi tsohon komai ba. Ya ce da tarihi yake so ya karanta a jami'a.

Mun zauna da biro da takarda ya yi ƙoƙarin tunowa, abin da ya dawo masa kaɗan ne. Waɗanda suka ga narkar da tama da idonsu suna yara a shekarun 1950, yanzu mai ƙarancin shekaru a cikinsu ya haura saba'in. Jami'o'inmu na Mubi da Yola da Maiduguri suna da ɗaliban da ke neman abin rubutawa, kowannensu kuma da wayar da za ta iya naɗar murya a aljihunsa. Ya gaya mini yana da gwaggo a wani ƙauye kusa da Gulak wadda ta rairayi baƙin yashi tana yarinya, hankalinta garau, tana son hira. Mun yi da shi in ya sami hutu za mu je wurinta. Shi zai yi tambayoyin da harshensu, ni zan riƙe wayar in yi rubutu.